Tsagar da ke cikina

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wata ƙawata ta Hunkuyi ta ce ta ɗauka na canza waya na raina talakawa. Ba raini ba ne, jinya na yi.

Abin ya fara da kaluluwa a wuya. Sai zazzaɓi mai zuwa da la'asar, sai kasala. Ina kan keken ɗinki a shagona na Makarfi sai in ga allura tana nisa, kamar a cikin ruwa nake kallonta.

Na sha maganin maleriya har na gaji. Aka ƙara mini jini, ya sake sauka. Daga nan aka tura mu Zariya, aka kwantar da ni a ɗakin masu ciwon daji.

Mijina ya sayar da rakensa tun yana tsaye a gona.

Yawancin kwanakin nan a tsakanin barci da farke na yi su. Fanka na juyawa, ni kuma ina jin ƙamshin mazarƙwaila ana dafawa a garinmu Dandamisa, ina ganin kaina yarinya ina ratsa gonakin rake, ganye yana shafa fuskata. In na buɗe ido sai in ga ledar ƙarin ruwa. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ba don kaina kaɗai ba. Na bar ƙaramar 'yata Nana a gida, ga cikinta ya fara tasowa ta gefen hagu.

Likitoci suka yanki ɗan nama a wuyana, sakamakon bai fito fili ba. Likita ya tambaya ko akwai mai irin ciwon a danginmu, na ce babu, don ban san wanda ya taɓa yin daji ba. Aka fara maganar soma mini maganin daji, mai zubar da gashi.

Wata safiya nas ɗin ɗakin, Sista Talatu, tana taimaka mini in canza riga, sai ta tsaya tana kallon ƙananan tabo da ke jere a ƙasan haƙarƙarina. Ta tambaya, na yi dariya na ce tsagar gidanmu ce, Baba ma yana da ita. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tsagar gado a ciki ba. Ta ja kujera kusa da Inna, mahaifiyata da ke jinyata, ta gaishe ta a tsanake, har da tambayar damina.

A ranar na ji abin da ban taɓa ji ba. Inna ta ce ba ado ba ne, wanzami ne ya yi mini saboda saifa ta kumbura ina ƙarama. Haka aka yi wa Baba, haka aka yi wa ƙanwarsa. Sai ta sunkuyar da kai.

"Da yayanki," in ji ta. "Shi bai tashi ba."

Ban taɓa sanin ina da wa ba. Inna mai alkunya ce, ɗan fari ne, kuma ya rasu, sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Sista Talatu ta kai wa likitoci maganar, suka dakatar da komai, aka aika jinina wani wuri mai nisa. Mun jira har aka fara yankan rake.

Ba daji ba ne. Cuta ce ta gado da ba a cika samu ba, garkuwar jiki ce ke taruwa a saifa da wuya, tana kuma cin jinin mai ita. Ba ta warkewa ɗungurungum, amma magani yana kwantar da ita. Yanzu na koma kan kekena, ina zuwa asibiti a kan lokaci. Alhamdu lillahi.

Nana kuwa, a makon da aka gano, kakarta ta wajen uba ta riga ta yi magana da wanzami. Inna ce da kanta ta hau mota ta je ta ɗauko ta. An gwada ta, tana da ciwon, an kuma fara kula da ita tun bai taɓa jininta ba.

Allah Ya saka wa Sista Talatu da likitocin, da ku da kuka yi ta addu'a.

Shawarata, in an tambaye ku ciwon dangi a asibiti, kada ku tsaya a sunan ciwo. Ku faɗi wanda aka yi wa tsaga, da wanda ake yawan ƙara wa jini, da yaran da suka rasu. Ku tambayi iyayenku a hankali, don abin yana musu ciwo.

Ni na tambayi Inna. Sunansa Sani.