Kan da Yaya Habsu Ba Ta Ƙarasa Ba

Bana shekara bakwai ke nan da aka kai Yaya Habsu makwancinta a Waca. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba. Makitsiya ce, in ka ga tsaga a kan mace miƙe kamar an ja zare, to hannunta ne. Ni sai da na aurar da ƴata ta fari na shiga ajin manya, don haka kada a jira ado a maganata.

Ciwon karkarwa ya kama ta, wanda likita a Damagaram ya kira Farkinson. Ya ba ta ƙwaya, ta kuwa karɓe ta, shekarun fari har mun manta da ciwon. Daga baya ƙarfin maganin ya fara gajarta. Ta sha da safe, hannu ya saki, ta yi kitso kamar dā. Kafin lokacin shan na gaba sai ya sake ta kamar fitilar da mai ya ƙare: yatsu su ƙage, ƙafa ta manne da ƙasa, fuska ta daskare, ba fara'a ba fushi.

Da a kwance take dindindin da an tausaya mata. Amma mace ta gan ta da hantsi tana dariya tana yi wa wata kitso, ita kuma ta zo da azahar a ce ba hali. Sai magana ta zaga gari cewa Habsu zaɓen kai take yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ana gobe sunan jikar maƙwabciyarmu aka kawo mai jego. Yaya ta kitse gefen dama, ta ɗaga tsinke za ta tsaga hagu, hannu ya tsaya a sama. Maƙwabciyar ta ɗaura wa surukarta kallabi, ta ce a gaban mata, “In ba ki so, Habsu, ai baki gare ki. Ba sai kin yi mana mutuwar ƙarya ba.” Yaya na ji, harshe ya yi nauyi, sai hawaye. Ni na rama mata, na faɗi abin da jarida ba za ta ɗauka ba. Amma zagi ba ya ƙarasa kitso. Tun ranar ƙafa ta ɗauke daga tabarmarta.

Muka koma wurin likita. Ya ce haka ciwon yake in ya daɗe, kuma ƙara yawan ƙwayar kaɗai na iya sa jiki ya riƙa murɗawa da kansa. Akwai wata da ake haɗawa, ba ta warkarwa, amma tana riƙe ta farin ta daɗe a jiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya rubuta mana. Na zaga farmasin Magariya kaf, ba wanda ya taɓa ajiye ta. A Damagaram aka ce sai Yamai.

Sau ɗaya ɗan baffanmu ya samo kaɗan a Kano. A kwanakin nan Yaya ta riƙa kai la'asar da hannunta. Ba ta nemi komai ba, sai ta ce mini, “Je ki kira yarinyar nan, akwai sauran hagu.” Na je wurin surukar maƙwabciyar, na sake zuwa. Aka ce an gode, an samu wata makitsiyar. Ana nan hanyar iyaka ta rufe, ƙwayar ta ƙare, ba mu ƙara ganin ta ba. Yarinyar ba ta tako gidanmu ba sai ranar gaisuwa. Ta durƙusa tana neman gafara, na nuna mata tsinken, na ce ga shi nan, mai shi ce babu.

Yau ina ganin irin Yaya. A kasuwar Guci na ga dattijo ya kafe a tsakiyar hanya, masu babur suna masa tsawa ya matsa. Da a ce Yaya ta ga haka, na san ba za ta yi faɗa irin nawa ba. Tambaya ɗaya za ta yi: maganin nan na biyu, ya iso garuruwanmu?

Me ya rage nata? Ƴan matan da ta koya wa har yau suna tsaga irin tata, waɗanda suka ƙaryata ta ma gabansu suke zama. Sunanta ya wanku, amma sai da ta mutu. Allah ya jiƙan ki, Yaya. Tambayarki kuwa, na sake zaga farmasin neman maganin a makon jiya. Bai iso ba.