Rubutun Damina a Babban Duhu

Na daɗe ina koyarwa a jami'a ban fitar da maƙala ko ɗaya ba. Darasi, duba jarrabawa da taron sashe sun cinye ni. Abokan aikina suna ta samun ƙarin girma, ni ina nan inda nake.

Wani babban malami a sashenmu, mutumin Safana, shi ya lura. Ana gab da dogon hutu ya tare ni a bakin ofis.

"Ƙanena, ina binciken nan naka na kiwo?"

"Yana nan, Malam. Lokaci ne babu."

"Lokaci ba ya zuwa, zuwa ake a same shi. Haɗa kayanka."

Muka hau a-kori-kura zuwa Babban Duhu, gidan yayarsa. Babu lantarki, waya ma sai an hau tudu take kamawa. Ta share mana zaure, ta shimfiɗa tabarma. Dokar Malam ɗaya ce: daga an kora shanu kiwo har azahar, ba mai magana. Da la'asar kowa ya karanta wa ɗan'uwansa abin da ya rubuta. Ranar farko na karanta masa shafi guda. Ya ce, "Rabinsa tsoro ne. Cire tsoron, ka bar mana maganar."

Yayar takan aje mana fura da nono a bakin ƙofa, ta tsaya kallonmu.

"Ku dai noman naku a zaune kuke yin shi," in ji ta.

Kafin gero ya fid da kai na gama maƙalata ta farko. Muka riƙa komawa duk damina, har da wasu matasan malamai.

Sai hanya ta lalace. Ɓarayin daji suka addabi yankin, suka kore shanun gidan, yayar ta yi gudun hijira zuwa Batsari, a can ta rasu. Malam ya yi ritaya bai sake taka garin ba.

Yanzu ni ke tara ƙananan malamai a ɗakin taro mai sanyi, in karɓe wayoyinsu, mu yi shiru har azahar. Suna rubutu kuwa, wasu sun fi ni. Amma in hadari ya haɗo ta yamma nakan kasa zama. Bara na ziyarci Malam a Katsina, na tambaye shi zauren.

"An ce rufin ya faɗa," ya ce. Sannan ya tambaye ni me nake rubutawa.