Akwatunan Baba Gwangwani

Kafin masu shaguna su gama shara, Baba Gwangwani ya shimfiɗa buhunsa a bakin rumfa, ya jera almakashi da guduma da dalma, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama. Kullum sai ya dubi sama. Mu kuwa 'yan layin shi muke duba, don mai gyaran rediyon da hankalinsa ke kan gajimare, ai dole a sa masa ido.

Akwatuna yake ƙerawa da kwanon rufi, ya shimfiɗe cikinsu da kwali, ya yi musu murfi mai kamawa gam. Ya ce in hadari ya haɗo, a zare waya da rediyo daga wuta a rufe a ciki. Ƙarfen zai tare bugun lantarkin da tsawa ke aikowa, kwalin kuma ya hana kaya taɓa ƙarfen. Wa zai yarda? Tela ya ce, "Wato kowa ya tara kayansa wuri guda, ɓarawo ya huta da lalube? Ruwa ba ya tsami banza." Da Baba ya rufe waya a akwati aka kira ta ƙi shiga, sai maganar ta ƙara lalacewa. Wanzami ya ce tsafi ne. Matar direba ta ce yanzu ta gane inda wayar mijinta ke shiga duk ranar da ya ce babu sabis.

Amma a zargi babu wanda ya kama ƙafar gwaggona. Ita ko gaishe ta ka yi da fara'a, sai ta tambayi abin da kake nema. Tana da wata tsohuwar waya, duk lambobin jikinta sun goge, amma a ciki akwai muryar mijinta marigayi, saƙon da ya turo mata ranar da ya fita bai dawo ba. Ta hana kowa ya kwafe shi, wai kada a goge mata. Ga ta da barin wayar a caji, ko ana ruwa ko ana iska. Baba ya kai mata akwati kyauta, kuma kyautar ce ta fi tayar mata da hankali.

Ta dai karɓa, ta shafe shi da koren fenti har bakin murfi, don a cewarta ba za ta ajiye gwangwani tsirara a ɗakinta ba. Baba ya hango shi a ƙofar gida.

"Hajiya, miƙo mini akwatin nan."

"Ka ji ko! Dama na san da walakin, goro a miya."

"Ba wayarki nake so ba. Fentin nan ya raba murfi da jikin akwatin. Sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe yake aiki."

Ya sa ta rufe wayar a ciki, ya kira, sai ga ta tana ƙara. Gwaggo ta fizge abinta ta ƙulle a bakin zane. Shi kuwa ya zauna a ƙasa yana kankare bakin murfin, ita tana tsaye a kansa kamar mai gadin kasuwa. Da ya gama aka sake gwadawa, shiru kake ji. Ba ta gode masa ba. Cewa ta yi, "To, me ka yi mata?"

Wata la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin. Baba ya bi layi yana buga ƙofofi yana cewa a zare kaya. Gwaggo ta zare wayar ta rufe, tana mita. Aradu ta faɗa kan turken wutar da ke bakin layi. Talabijin ɗin tela ya yi hayaƙi, injin askin wanzami ya ƙone, wayoyin da ke caji suka mutu murus.

Ni dai ban bar maganar haka ba. Na ce masa, "Baba, anya ba zarewar ce ta ceci wayar ba, ba akwatinka ba?" Ya yi dariya ya ce, "Wataƙila. Amma ka taɓa ganin gwaggonka ta zare caji kafin akwatin ya zo?"

Baba, yanzu idonka ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ka naɗe buhunka. Kai ne ka sha zarginmu shekara da shekaru ba ka yi fushi ba. Ƙarfe sha duka! Mun kira ka matsafi, mun kira ka ɗan leƙen ɓarayi, ka ci gaba da buga mana ƙofa. Wallahi abin yana taɓa mini zuciya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku yi koyi da shi: in kun ga ɓarna tafe ku yi magana, ko da harara za a biya ku.

Gwaggo har yau ba ta bari Baba ya taɓa wayar ba. Amma ranar da ya rufe rumfa, ta je da kanta, ta riƙe wayar gam a hannunta, ta kara masa a kunne. Marigayin yana cewa, "Ina hanya, a ɗora mini ruwan wanka."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ka ji shi. Bai ƙone ba."