Ranar da Kamuna Ya Shiga Tanderu

Ƙaras! Ƙarar da ta fito daga bakin yayan mijina ke nan, ina durƙushe a ƙofar falo da kwanon wanke hannu. Sakwara na kai masa, ta doyar da shi da kansa ya kawo mana daga gonarsa ta bayan Kuta, kuma kowa ya san sakwara ba ruwanta da haƙori. Yaya ya dakata da tauna, ya sa yatsa ya zaro wani ɗan abu ruwan hoda, ya ɗaga shi wajen haske kamar mai sayen zinariya.

"Amarya," ya ce, don har na haifi biyu bai daina ce mini amarya ba, "yanzu a Minna da tsakuwa kuke kirɓa doya?"

Na dubi Malam, maigidana. Malam ya dubi silin. Nan na gane wanda yake aron turmina in na tafi unguwa.

A wata ƙaramar masana'antar tangaran Malam ya yi aiki, inda ake yin kofuna da farantai, har zuwa shekarun nan da aka yi ta rage ma'aikata, aka rufe ta. Abokansa wasu sun buɗe shago, wasu sun sayi mota suna jigila zuwa Zungeru. Nawa ya dawo gidanmu na Tudun Fulani da kwalin littattafai da kuma imani cewa duk abin da ake yin tangaran da shi yana nan kwance a ƙasar Neja, jira kawai yake a niƙa shi. Ƙarƙashin gadonmu akwai buhun farar ƙasa, da farin dutse, da wani dutse ruwan hoda da ya ce shi ne yake narkewa a wuta ya ba kofi sheƙi. Sai ya gasa su a murhuna, ya tsoma a ruwan sanyi su tsattsage, sannan ya daka. Na san da duwatsun, ina share su kullum. Turmin ne ban sani ba.

Yaya shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, maganarsa ba a mayar da ita. Ya wanke hannu a natse, ya ce a nuna masa. Da ya gama leƙa ƙarƙashin gado, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ni na kai ka makaranta da kuɗin doya, ka fito kana daka dutse. To, ji nan. Bayan sati shida zan dawo. Ka ba ni shayi a kofin da ka yi da hannunka. In bai zubo mini a riga ba, na ƙyale ka. In ya zubo, ku tattara ku taho, ga ɗaki ga gona."

Ni ba gona nake tsoro ba. A ƙauyen Yaya makaranta tana ƙetaren rafi, da damina ta sauka ba mai zuwa sai ruwa ya janye, kuma yara mata su ake fara cirewa. Babbar 'yata tana aji huɗu a lokacin, yarinyar da take karanta har rubutun jikin gwangwanin madara. Ni na gama sakandare, na san abin da za a raba ta da shi. Saboda haka na shiga harkar dutse, ba don na yi imani da tangaran ba. Allah Ya sani, da Malam ya ce takalmi zai ɗinka da ganyen ayaba, da ni zan riƙe masa allura.

Sharaɗina ɗaya ne, a bar mini turmi. Sai ya samo tsohuwar gangar ƙarfe, ya zuba dakakken dutse da ruwa da duwatsun rafi masu santsi, ya ɗora ta a kan wasu ƙafafu ya haɗa da sarƙar keke. Yana zaune yana tuƙa feda, ganga tana juyawa, duwatsun rafi suna niƙe na ciki. Mutum ya wuni yana tuƙa keke bai bar gindin mangwaro ba. Maƙwabciyarmu, wadda iyayenta maginan tukwane ne kaka da kakanni, takan leƙo ta katanga.

"Malam, sannu da hanya! Ka kusa Zungeru?"

"Saura kaɗan, Madam."

"Uwata tana gina tulu ba keke, ba littafi."

"Tulun uwarki ja ne. Ni fari nake nema."

Farin shi ne wahalar. A cikin garin dutsen akwai baƙin ƙarfe da wasu ɓawo masu walƙiya kamar ɓawon kifi, in suka shiga wuta sai kofi ya fito da ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa. Malam ya ce a masana'anta akwai injin da yake raba su. Ana kwaɓa garin da ruwa, a sa wani magani, a hura iska daga ƙasa, sai kumfa ta kwaso dattin ta taso da shi sama a kwashe, mai kyau ya zauna. Mu ba mu da injin, ba mu da maganin. Muna da garin sabulu da famfon keke. Ya zuba rabin kwalin sabuluna a baho, ya zura tiyo, ya dinga bugawa. Kumfa ta taso, ta tumbatsa, ta malale tsakar gida har akurkin kaji. Da ta lafa, datti yana nan inda yake, sai dai ya yi wanka.

Na tsaya ina kallon abin da yake son yi, sai na ga ai aikin da nake yi kullum ne. Na ɗauko ƙorai biyu, na ɗebi garin na zuba ruwa, na shiga rege shi kamar shinkafar gida mai tsakuwa, ina karkata ƙwarya ina kaɗawa a hankali. Mai nauyi da tsaki-tsaki ya zauna a gindi, mai laushi ya bi ruwa zuwa ɗaya ƙwaryar, ɓawon walƙiya ya taso na tsiyaye shi. Abin da ya saura na ƙarfe, Malam ya ja shi da maganaɗisun tsohuwar rediyo. Farar ƙasa kuwa na yi mata irin ta kamu, na jiƙa, na dama, na tace da ƙyalle, na bari ta kwanta, na tsiyaye ruwan sama. Malam ya murza a yatsa, ya sa a haƙori, bai ji yashi ba.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wadda ta koya mini tuwo."

Ya gina tanderu da bulo a bayan gida, yana hura shi da itace da baƙin mai na kanikawa. Gashin farko, kofuna suka fashe. Na biyu, ruwan sheƙin da ake tsoma kofuna a ciki kafin gashi ya narke ya zubo, ya manne su da ƙasan tanderu, sai da guduma aka ɓamɓaro su. Sati biyar sun tafi. Itace da mai na gashi ɗaya suka rage, da kofuna goma sha biyu da suka bushe a kan tabarma, da bokiti ɗaya na sabon ruwan sheƙi wanda ni na rege shi da hannuna kwana uku, har bayana ya sandare.

Bokitai biyu ne da ni iri ɗaya, farare masu murfi, na kayan aurena. Ɗaya na ba Malam, ɗaya ina ajiye kamun koko, na farar masara. Duk wadda ta san kamu ta san yadda yake kwanciya a gindin bokiti, fari fat, da tauri, ruwa garau a sama. Haka ruwan sheƙin yake kwanciya, ba bambanci. Don kada a samu matsala na ɗaura jan tsumma a hannun na Malam. Ranar Lahadi ina sauri zan tafi suna a Bosso, tukunya tana tafasa, na rasa abin saukewa, na kwance tsumman nan na sauke, na mayar na ɗaura. Na ɗaura dai. A kan wanne, ban duba ba.

Bayan la'asar, ba na nan, Malam ya ɗauki mai jan tsumma, ya dama da kyau, ya tsoma kofunansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar dutse ta sa masa mura, ko tsamin bai ji ba. Da na dawo har yana yaba mini.

"Wannan karon kin rege shi, laushi kamar madara."

Na ji daɗi, na ce ai sa'a ce.

Litinin bayan asuba ya jera su, ya toshe bakin tanderu da laka, ya yi bisimilla ya kunna. Ni kuma na ɗebi kamuna a ƙwarya, na dama, na sheƙa tafasasshen ruwa. Koko in ya ji ruwan zafi nan take yake kumbura ya yi kauri. Wannan ya tsaya yana kallona, tsululu, kamar farar ƙasar shafe. Na ce ko ruwan bai tafasa ba, na ƙara. Na ɗanɗana. Ban taɓa cin bango ba, amma na gane shi.

A lokacin hayaƙi ne kawai yake fita daga tanderu, da na ruga na faɗa, wataƙila da an kashe wutar an ceto su. Ban ruga ba. Na zubar da abin a bayan akurki, na dafa wa yara shayi, na sallami babbar zuwa makaranta. Sannan na yi alwala na tayar da sallar walha. Allah Ya yafe mini, ban taɓa tsawaita sujada irin ta ranar ba, kuma ba tsoron Allah ne ya riƙe goshina a ƙasa ba, tsoron fita ne. Ina jin Malam a bayan gida yana jefa itace yana 'yar waƙa.

Maƙwabciya ce ta ƙarasa ni.

"Maman yara! Kokonki yana ƙonewa, tun daga ɗakina nake ji!"

Na fito. Unguwa duk ta ɗauki ƙaurin ƙanzo, kuma daga bututun tanderu yake fita. Har mai mura ya fara ɗaga hanci. Na je na durƙusa nesa da wutar, na faɗa masa duka, da tsumman, da kokon, da sallar ma ban ɓoye ba. Ya tsaya da itace a hannu. Na jira faɗa. Can ya ce, "Na gero ne ko na masara?"

"Na masara."

"Duka goma sha biyun?"

"Kai ka tsoma su, Malam."

Ya dubi bakin tanderu. An riga an wuce buɗewa, in iska ta shiga duk su tarwatse, kuma ba wani itacen. Ya zauna a kan bulo, kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka yake, na fara nawa. Ashe dariya ce.

"Shekara takwas ina aikin tangaran, yau na zama mai toya waina. Miƙo mini itace."

Muka wuni muna hura wutar da muka san ba sheƙin da za ta haifar. Kwana biyu tanderu yana hucewa, ba wanda ya ƙara tayar da maganar, sai dai na lura 'yata ta daina tambayar kuɗin littafin zangon gaba, kuma na tarar ta jera takardunta a kwali ta ɗaure da igiya. Ashe duk tana ji.

Laraba aka fasa lakar. Biyar sun tsage. Bakwai sun fito lafiya, farare, ba ɗigo ko ɗaya, ba kuma wanda ya manne, tunda ba abin da zai narke ya zubo. Kamu ya ƙone ya bi hayaƙi. Sheƙi kam babu, jikinsu kamar ɓawon ƙwai. Malam ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ya yi ƙara siririya. Ya daɗe yana juya shi.

Alhamis Yaya ya iso, da farar riga, da gangan. Na kawo shayi na koma bayan labule. Ya cika kofi har baki, ya ɗaga shi saitin cinyarsa, ya riƙe. Bai sha ba. Ya tambayi lafiyar yara, ya ba da labarin farashin doya, ya zagi direban da ya kawo shi, kofi yana sama. Sai da shayin ya huce ya shafa gindin kofin ya dubi yatsansa.

"Bai zuba ba. Amma yana gumi."

"Yaya, ko kai aka ɗura wa ruwan zafi haka ai ka yi gumi."

Ni na faɗa, daga bayan labule. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba. Na toshe baki. Sai Yaya ya fashe da dariya har shayin ya fantsamo masa a riga, ya ce wannan ba laifin kofi ba ne, laifin amarya ne. Ya tambayi dalilin da bai da sheƙi irin na kanti. Malam ya ce sheƙin yana gashi na gaba, bai ƙara ko kalma ba, bai kuma dubi labule ba.

"To, na ba ka zuwa a haƙe doyar baɗi," in ji Yaya. Ya shanye shayin da sanyinsa, ya zaɓi kofi biyu mafi kyau ya sa a aljihu ba tare da ya tambayi kowa ba.

Da suka fita rakiya, na zauna a kan turmi ina ta hamdala. 'Yata ta fito daga ɗaki da kwalinta, ta zauna a gabana tana kwance igiyar da haƙori. Ta zaro littafin lissafi ta karkaɗe, sannan ta ɗago.

"Mama, ki wanke mini yunifom, tunda ba inda za mu. Amma kokon gobe, don Allah a bari Baba ya fara sha."