Baƙin da Bal'amu Ya Ce Su Kwana

Kaka ba ta yin tatsuniya da rana, ta ce mai yi ɓata yake a kasuwa. Amma a Dagenham, can Landan, lokacin sanyi, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Muna dawowa daga makaranta, ni da ƙanena Dauda, sai mu ja labule mu nuna mata taga.

"Kaka, ga dare."

"Wannan ba dare ba ne, ƙarya garin nan yake yi," in ji ta. Amma tana faɗa tana jawo kujerarta gaban hita, na'urar ɗumama ɗaki.

Mama ce ta ɗauko ta daga Kafanchan don ta riƙe mu, saboda aikin asibiti ba ya barinta zama. Murhunmu ke nan, hita mai jan ƙarfe biyu. Kaka ta miƙe ƙafa da safa biyu-biyu, ta soya gyaɗa a kasko har ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, ita kuma ta bi ta da tsaki.

Labarin da muka fi roƙo shi ne na Bal'amu. Shi kaɗai ne ba ta buɗewa da "ga ta nan", ta ce wannan maganar Allah ce, ba ta Gizo ba.

Wani sarki ne, Balak, ya ga Isra'ilawa sun sauka kusa da ƙasarsa, tsoro ya kama shi. Sai ya aika manzanni wurin annabi Bal'amu da kyauta, ya zo ya la'anta masa su. Bal'amu ya tambayi Allah. Allah ya ce kada ya je, mutanen nan masu albarka ne. Bal'amu ya sallami baƙin. Sarki ya sake aiko waɗanda suka fi na farko girma, da alkawarin da ya fi na farko maiƙo. Bal'amu ya cika baki, ya ce ko gida cike da zinariya ba zai sa ya ƙetare maganar Allah ba. Sannan ya ce su kwana, zai sake tambaya. Allah ya bar shi ya tafi. A hanya mala'ika ya tare shi da takobi, shi bai gani ba, macen jakin da ya hau ta gani. Ta kauce, ya doke ta. Ta matse masa ƙafa da katanga, ya doke ta. Ta kwanta, ya ƙara mata. Sai ta buɗe baki ta ce, me na yi maka?

Nan ne wurinmu. Kaka ta maƙale murya ta yi maganar jaki, Dauda ya faɗi ƙasa yana cewa "again, again". Ni kuwa ba ni da haƙuri tun ina yarinya.

"Kaka, tsallake baƙin nan, kai mu wurin jakin."

"Ke Rifkatu, gaggawarki ta yi yawa. Ina Bal'amu ya faɗi?"

"Da ya doki jaki."

"A'a. Tun a gida ya faɗi, ranar da ya shimfiɗa wa baƙi tabarma karo na biyu. An ba shi amsa. Me ya koma nema? Kunnensa lafiya lau. Amsar ce ba ta yi masa ba."

Na ce ai addu'a ya je yi, addu'a laifi ce? Ta watsa gyaɗa a baki ta ce, "Ki girma tukuna."

To, na girma. Kaka ta koma gida, can ta rasu. Ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi wajen Abbey Wood. Bara wani tsoho ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu. Ranar mu biyu kacal aka bari a bene guda, ni da Anti Memuna, 'yar Ghana, wadda ta koya mini aikin. Iyalan tsohon suka tayar da magana. Manaja ta kira ni, ta ce a zaman bincike in ce na ga Memuna ta bar shi shi kaɗai tana waya. Ban gani ba. Tana ɗaki na gaba tana ɗaga wata tsohuwa. Na ce a'a, na fita.

Bayan kwana biyu ta sake kirana, har da shayi. Ta ce akwai gurbin senior, wato babbar ma'aikaciya, kuma za ta cire ni daga aikin ƙarshen mako. Na daɗe ina neman wannan, Lahadi nawa ban shiga coci ba. Ta ce ba ƙarya take so ba, in dai ce ban tabbatar da inda Memuna take ba. Ni na san wannan kaɗai ya isa a kore ta, ga ta da 'ya'ya uku.

Sai na ji bakina yana cewa, "Bari in yi addu'a a kai."

Kalmar tana fita na ji ƙamshin gyaɗa. Addu'ar me? Shekaranjiya na san amsa, abin da ya ƙaru shi ne shayi da muƙami. Ga ni ina shimfiɗa tabarma.

Na ajiye kofin. "Ki bar addu'ar, na fasa. Amsata ta ranar nan ce. Kuma in an tambaye ni, zan ce mu biyu kika bari a bene."

Haka na faɗa a zaman. Memuna tana nan a aikinta. Muƙamin wata aka ba, ni har yau ina aikin Lahadi, kuma manaja gaisuwa ma da ƙyar. Ba na nadama. Mu 'yan coci mun iya wannan "bari in yi addu'a", da ita muke ajiye baƙon da ya kamata mu raka ƙofa. Addu'a tana da wurinta, amma ba a kan abin da aka riga aka amsa ba.

Bal'amu ya yi sa'a, yana da jakin da zai kwanta masa a hanya. Ni jirgin ƙasa nake hawa zuwa aiki, ba ya kaucewa, ba ya magana. Shi ya sa baƙon Balak ba ya kwana a wurina.