Rijiyar 'Yan Ƙauyen Tsakiya

Wahala muka sha a Makka, ba wani abu ba. Rumfar kwano da buhu a unguwar Mansur, ubana ɗan ga-ruwa, ni ma a kan garwa na ƙare. Daɗin kawai bayan isha'i ne, in kakata Inna Dije ta tara mu gaban murhu tana dama kunun sayarwa.

Hausarta ba irin ta kowa ba ce. Ƙauyensu na tsakanin Hausawa da Barebari, bakinsu ya ɗebo nan ya ɗebo can. Kanawan unguwa su ce Babarbariya ce, Barebari su ce ba su san ta ba.

Akwai tatsuniyar da ta fi so. Wai gari biyu suka tashi haƙa rijiya, kowanne ya aika wa 'yan ƙauyen tsakiya: ku zo, ai ku namu ne. Suka zo, su aka zura cikin ramin. Ranar da ruwa ya fito, aka ce kowa ya yi magana kafin ya ɗiba. Da sun buɗe baki sai a ce su tafi wancan garin.

"To ina suka sha, Inna?"

"Gidan ubanka suka sha. Matsa, ya walad, kar ka kifar min da tukunya."

Mu ba labarin muke ji ba, bakinta muke kwaikwayo, kuma na fi kowa iyawa. Har gaban baƙi na yi. Sai ta daina yi mana tatsuniya. Ta koma dama kununta shiru har ta rasu.

Na girma, na yi iyali, ina kai wa wani tsohon tela ɗan Bosniya ruwa. Ya ce da yana soja an sauke su a ƙauyen wasu mutane da ake kira Sotak, 'yan kaɗan cikin duwatsu tsakanin ƙabilun Sulobak da Rusin. Kowane ƙauye da irin bakinsa, ɓangarorin biyu kuma kowa na tura su ga ɗan'uwansa. Ya karkace baki yana kwaikwayonsu, yana dariya har da tari. Ƙyama ta kama ni, wallahi, domin haka nake yi wa Inna sak.

Da na koma gida na gwada yi wa 'yata tatsuniyar. Rabinta da Larabci ta fito. Kalmomin Inna da suka rage min, waɗanda na yi mata ba'a da su ne kawai.

Washegari ban ɗauki garwa ba. Na tafi unguwar Hindawiyya wajen wata tsohuwa 'yar ƙauyen su Inna, ita kaɗai ta saura. Na durƙusa na ce ta koya min bakinsu.

"Jikan Dije? Mai kwaikwayon nan?"

Na ce ni ne.

"Zauna. Ka kuskura ka yi dariya, ga muciya nan."