Muntaka da Shamuwar da Ba Ta Tafi Ba

Muntaka bai yi nisa a karatun lekol ba. Yana aji biyu na kolej a Damagaram mahaifinsa ya rasu, ya dawo Matameye da ɗan Faransancin da ya samu, wanda ya ishe shi jin labaran rediyo amma bai ishe shi samun aikin gwamnati ba. Ya yi noma, ya yi ɗinki, ya bi motar rake wasu shekaru. Daga baya ya sayi tsohuwar tele da bidiyo da ƙaramin injin wuta, ya kewaye wani fili kusa da tasha da zana, ya buɗe gidan kallo.

Finafinan faɗa da na soyayya yake sawa kamar kowa. Amma ranar kasuwa bayan la'asar yakan sa kaset ɗin namun daji, waɗanda wani ɗan kasuwar Damagaram ya haɗa masa cikin kwali don babu mai saye. Mutanen Ɗan Barto da Icirnawa da suka gama ciniki sukan cika tabarmi, shi kuma ya tsaya gefen tele yana mayar musu da abin da Baturen ke faɗi cikin Hausa. Inda Faransancin ya fi ƙarfinsa sai ya cike da nasa. Zaki ma yakan ba shi murya.

Akwai kaset ɗin da kullum yake jawo rigima. Ɗan ɓauna ne ya maƙale cikin taɓo, uwar tana zagaye shi tana kuka, kuraye sun zauna nesa suna jira. Duk lokacin da aka zo wurin sai wani ya miƙe.

"Kai Muntaka, shi mai ɗaukar hoton nan ba shi da imani ne? Igiya kawai zai jefa!"

"Dokar aikinsu ke nan," in ji Muntaka. "Ba sa sa hannu. Su ma kurayen nan da 'ya'yansu a rami. In ya ceci wannan ya kashe wancan."

Ya faɗi wannan magana har ta zama kamar tasa. Wasu su gyaɗa kai, wasu su yi tsaki su fita.

Da salula ta shigo hannun kowa, kallon ya koma aljihu. Tabarmin suka yi ta raguwa, injin ya lalace bai gyara ba, wata damina iska ta kwashe zanar bai mayar ba. A lokacin gwiwoyinsa sun fara ciwo, 'ya'yansa mata duk sun yi aure, namijin yana Yamai. Gidan ya rage daga shi sai matarsa Shekara, wadda ke suyar fara a bakin tasha tun suna da ƙuruciya. Da kaskonta suke ci.

A tsakar gidansu akwai tsohuwar tsamiya, kuma kowace shekara gab da damina shamuwa sukan zo su yi sheƙa a kanta. Mutanen unguwa suna murna da zuwansu don alamar ruwa ya kusa. Shekara kuwa ita ke share kashinsu safe da yamma, ta daina shanya a wannan gefen har sai sun tafi. Ba ta taɓa cewa a kore su ba, amma ba ta taɓa yi musu maraba ba.

Wata shekara, shamuwa sun riga sun ƙyanƙyashe, sai ga mota a ƙofar gida. Wata matashiya ta fito, ta durƙusa ta gaida Muntaka. Sunanta Aziza, a Yamai take aiki amma mahaifiyarta 'yar Kance ce. Fim take haɗawa kan shamuwa don wata tashar waje, an ce mata babu bishiyar da ta kai tasa sheƙa a garin. Tare da ita akwai mai kamera, wani dogo marar yawan magana mai suna Iliyasu.

Muntaka ya yi farin cikin da ya daɗe bai yi ba. Shekara da shekaru yana tsaye gaban hoton, yau ga masu yin sa a gidansa. Ya ba su saman soro, ya nemo musu tsani. Sai ya ga aikin kusan duk jira ne. Iliyasu yakan zauna cikin rana tun hantsi, ido a kamera, zufa na zuba, don kawai ya samu uwa ta sauko ta amayar wa 'ya'yanta abinci. Wata rana a samu, wata rana a tashi haka nan.

Ran nan da hantsi hadari ya taso da iska mai ƙarfi, bai zubar da ruwa ba ya wuce. Da ƙura ta lafa sai ga ɗan shamuwa ɗaya a ƙasa gindin tsamiya. Gashinsa bai gama fitowa ba, fiffike ɗaya yana ja a ƙasa. Shekara tana tasha. Iliyasu ya sauko da kamera ya kafa ta a bakin zaure.

"Baba, don Allah kada a taɓa shi," in ji Aziza.

"'Yata, na san dokar nan tun ba a haife ki ba."

Ya jawo kujerarsa ya zauna. Ɗan tsuntsun yana buɗe baki yana rufewa. Iyayen suna sama, ba wanda ya sauko. Rana ta matso, inuwar ta janye ta bar shi a fili. Tururuwa suka fara hawa ƙafafunsa. Can sai magen maƙwabta ta bayyana a kan katanga, ta kwanta, ta zuba masa ido.

Aziza ta zo ta tsuguna kusa da kujerar. Ba ɗan tsuntsun take kallo ba, ƙasa take kallo.

"Ba daɗi nake ji ba, Baba," ta ce. "Amma kowace shekara haka suke faɗowa, a garuruwan da babu mu. In mun ɗauke shi, abin da za mu nuna wa mutane ba gaskiya ba ne. Kuma fiffiken nan ya karye. Ko ya rayu ba zai bi 'yan uwansa ba."

"Haka ne," in ji Muntaka.

Aka kira azahar. Ya ɗauki buta ya zagaya, ya yi alwala, ya fito zai nufi masallaci. Hanyarsa ta gindin tsamiyar ce. Ya wuce, ya kai bakin zaure, sai ya tsaya. Ya dawo yana ɗingishi, ya sunkuya da ƙyar, ya kakkaɓe tururuwan, ya naɗe ɗan tsuntsun a gefen rigarsa.

"Baba, kana cikin hoto," in ji Iliyasu.

"To ka fitar da ni."

Aziza ba ta yi faɗa ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce wa Iliyasu ya kashe kamera. Sannan ta ce, "Baba, ka san yanzu kai ne uwarsa."

Da Shekara ta dawo da yamma ta tarar da shi cikin kwando a rumfar girki. Ta sauke kasko, ta daɗe tana kallon kwandon.

"Malam, wa zai ciyar da wannan?"

Washegari ya ɗauki kwandon ya nufi wajen likitan dabbobi.

Likitan dabbobi ya ɗaure fiffiken da tsinke da ƙyalle, ya ce zai haɗe amma a karkace. Abinci ne babbar wahala. Soyayyar fara da gishiri da yaji ba ta yi masa, sai ɗanya. Muntaka ya riƙa sauka fadama da leda yana kamo 'yan kwaɗi da tsutsa, ya dawo gwiwoyinsa sun kumbura. Da ya kwanta ciwo aikin ya koma kan Shekara. Ita ke buɗe masa baki da yatsa tana tura abinci, yana sararta. Ita ke wanke kwandon. Masu fim suka gama aikinsu suka tafi, ɗan tsuntsun ya yi gashi baƙi, cikinsa ya yi fari, ya fara yawo a tsakar gida. Shekara ta sa wa shamuwar suna Baƙuwa, don ta ce baƙon da ya zo bai san hanyar komawa ba.

Bayan an yanke gero shamuwa suka fara taruwa a sama suna shawagi. Wata safiya aka wayi gari tsamiya ba kowa. Baƙuwa ta hau turmi, daga turmi ta hau katanga, ta buɗe fikafikai ta yi tsalle, ta faɗa gidan maƙwabta cikin tokar murhu. Muntaka ya je ya ɗauko ta. Kwana da kwanaki tana hawa katangar nan tana kallon kudu, daga baya ta daina.

Rani ya fi damina wuya. Fadama ta bushe, babu kwaɗi. Shekara takan ware fara daga buhun sana'arta ta jiƙa har gishirin ya fita, ta roƙi kayan cikin kifi wajen masu suya. Da sanyi ya shigo tsuntsuwar takan takure tana rawar jiki, sai aka riƙa shigar da ita rumfar girki, rumfar ta ɗauki wari. Wata rana ta haɗiye ɗan tsakon maƙwabciyarsu a gaban idon matar. Aka yi cacar baki ta kan katanga, Shekara ta ba da haƙuri, ta juyo ta dubi mijinta.

"Ka ceci ɗaya, ga shi ta fara cin na mutane."

"Na gani."

"Gani kawai kake yi ai."

Fim ɗin ya fito bayan kusan shekara. Aziza ta turo shi a salular ɗansu, shi kuma ya kawo da ya zo ganin gida. Suka zauna a inuwa su uku suna kallo. Ga tsamiyarsu, ga katangarsu, har da igiyar shanyar Shekara. Ga ɗan tsuntsu a ƙasa yana buɗe baki, ga mage a kan katanga. Daga nan sai hoton ya koma kan ruwan sama yana zuba a gonakin gero, muryar fim ɗin ta ce ba kowane ɗa ne ke kai wa lokacin tafiya ba. Baƙuwa tana tsaye gefensu da ƙafa ɗaya.

Muntaka ya sa aka kira masa Aziza a salula. Bayan gaisuwa ya ce, "'Yata, kin sa duniya ta ɗauka mage ta cinye ta."

"Ban ce ta cinye ta ba, Baba."

"Ba ki ce ba ta ci ba."

Ta ce da farko ta sa wurin da ya ɗauke ta a fim ɗin, masu tashar suka ce a cire, ita kuma ta gaji da gardama. Sannan ta tambaya a hankali, "Tana nan?"

"Tana nan. Ta cinye mana gida."

Suka yi 'yar dariya. Ta ce, "Ka yi da-na-sani?"

"Wasu ranaku," ya ce. "Innarki Shekara kuwa kullum."

Da shamuwa suka dawo a daminar, Baƙuwa ta koma gindin tsamiya tana ɗaga kai. Waɗanda suka sauko neman tsinken sheƙa ba su kula ta ba. Da ta matsa kusa da ɗaya, ya sare ta a wuya. Daga nan ta koma bin Shekara, daga rijiya zuwa murhu. Ta ga tafiyarsu karo na biyu ba ta hau katanga ba.

A sanyin shekarar ta daina cin abinci. Likitan dabbobi ya duba ya ce ba shi da abin yi. Wata safiya Shekara ta shiga hura wuta ta same ta a kwance bayan murhu, ta sandare. Muntaka ya ji shiru ya yi yawa, ya leƙa, ya tarar da matarsa zaune a ƙasa tana share ido da bakin zani. Ya ɗauki fartanya ya haƙa rami bayan garken awaki. Ƙasar ta yi tauri, sai da ya huta sau da yawa kafin ya gama.

Ya ɗauka shi ke nan. Amma labari ya riga ya zagaya gari cewa akwai tsohon da ke jinyar tsuntsaye. An kawo masa kurciyar da aka harba da danƙo, ta mutu a ranar. An kawo masa mujiya, Shekara ta ce ko ita ko mujiyar. Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu mai haya da babur, mai suna Rabi'u, ya yi sallama da belbela a cikin kwali, ya ce a hanyar Kance ya buge ta, ƙafa ce ta karye.

Muntaka yana zaune a zaure yana shafa man zafi a gwiwa. Bai miƙe ba.

"Ni fa ba likita ba ne," ya ce. "Kuma na gaji. Wallahi na gaji."

"To Baba, in mayar da ita bakin hanya?"

Muntaka ya dubi kwalin. Daga cikin gida Shekara ta ɗaga murya tana tambayar waye. Ya rufe kwalbar man, ya goge hannu a riga.

"Ajiye ta can inda rana ba ta kai," ya ce. "Ka shiga ka gaida Innarka, kai za ka yi mata bayani."